Kiɗan da Ƙirji Ke Ji Kafin Kunne: Fashin Baƙi a Kan Drone Metal

Ranar da na fara kunna wa ƙanwata irin wannan kiɗa a waya, ba ta yi daƙiƙa ashirin tana saurare ba ta ɗago kai ta ce, "Yaya, sifikar wayarka ce ta fashe, ko injin markaɗe ka ɗauko mana?" Na ce mata kiɗa ne. Ta ce, "To yaushe za a fara?" Na ce ai an fara tun ɗazu. Ta miƙo mini wayata, ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Ban ga laifinta ba, domin ni ma abin da na faɗa a raina ke nan karon farko. Kunnenmu ya tashi ne a inda kiɗa magana ne. Kalangu yana kiran sunan mutum, tambari yana faɗin isowar sarki, kowane gwani da takensa, kowace waƙa da amshinta. Ko ba ka san mawaƙi ba, cikin ɗan lokaci ƙafarka za ta gano inda bugun yake, bakinka ya kama amshin. To a ce an zo an kwashe waɗannan duka: ba ganga, ba kalmomi, ba amshi, ba wani kari da za ka iya yin fito da shi. Abin da ya rage shi ne amon jita guda ɗaya, mai kauri, mai zurfi kamar rugugin hadari, an riƙe shi yana ta gurnani, sai can bayan ka fid da rai a sauya shi da wani ɗan'uwansa. A haka za a ci rabin awa, wani lokaci awa guda cur, kuma waƙa ɗaya ke nan.

Turawa suna kiransa drone metal. Kalmar drone a yau jirgin nan maras matuƙi take kawo wa mutum a rai, amma asalinta sunan namijin kudan zuma ne da kuma ƙugin da yake yi, sai makaɗa suka are ta ga duk wani amo da aka riƙe a wuri guda, ba hawa ba sauka. Metal kuwa reshe ne na kiɗan jitar lantarki mai nauyi da ƙara, wanda ya tsiro a Ingila wajen 1970. Don sauƙin magana, zan riƙa ce masa kiɗan ƙugi.

Jijiyarsa ta farko tana birnin Bamingam, kuma da haɗari ta fara. Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe, kuma yatsun da yake danne tsirkiya da su ne. Ya haɗa wa kansa 'yan huluna na roba ya rufe dungulmin, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma, a faifansu na 1971 mai suna Master of Reality, ya sassauta ɗaurin tsirkiyar. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya ko mai molo yana gyara kayansa ya san sakamakon: tsirkiya in ta yi sako-sako, muryarta sauka take yi ta yi kauri. Wannan kauri da wannan tafiyar hawainiya su ne gadon da na baya suka ɗauka. Shekaru ashirin bayan haka, a jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka, a daidai lokacin da sauran 'yan metal ke tseren wa ya fi wani saurin yatsa, wasu suka juya baya suka nufi akasin haka. Ƙungiyar Melvins ta buɗe faifanta na 1992, Lysol, da mintoci masu yawa na gurnanin jita kafin a shiga waƙa sosai. Dylan Carlson kuwa ya kafa ƙungiyarsa a garin Olimfiya a 1989, ya raɗa mata suna Earth, sunan da Black Sabbath take amsawa kafin ta sauya. A 1993 kamfanin Sub Pop na Siyatil ya fitar musu da Earth 2: waƙoƙi uku kacal cikin minti 73, kusan babu ganga, babu murya. Yawancin masu bin tarihin abin daga wannan faifai suke fara ƙirga.

Akwai jijiya ta biyu, wadda ba ta da alaƙa da samari masu dogon gashi. La Monte Young, mai tsara kiɗa da aka haifa a 1935 a jihar Idaho, ya sha faɗin cewa amon farko da ya kama hankalinsa yana yaro shi ne kukan iska a jikin ɗakinsu na katako da kuma ƙugin kayan lantarki a bakin hanya. A 1960 ya rubuta wani kiɗa da bai wuce amo biyu ba, tare da umarnin a riƙe su na dogon lokaci. Shi ke nan kiɗan. Daga 1970 ya zama almajirin mawaƙin Indiya Pandit Pran Nath. A kiɗan gargajiya na Indiya akwai tambura, wani dogon molo da ba ya yin kari, aikinsa kawai ya shimfiɗa amo ɗaya a ƙasa, mawaƙi ya yi ta hawa da sauka a kansa. Carlson ya ambaci Young cikin waɗanda suka buɗe masa ido. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tabarmar da ake shimfiɗa wa waƙa, ya kori waƙar, ya ce tabarmar za a kalla, sannan ya ƙure mata ƙara.

Waɗanda suka kai abin ga idon duniya su ne Stephen O'Malley da Greg Anderson, da suka kafa Sunn O))) a Siyatil a 1998, da farko ma don girmama Earth. Sunan, harafin O da baka uku ɗin duka, tambarin wani kamfanin amfilifaya ne na jihar Oregon mai suna Sunn, kuma "san" kawai ake furtawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda zuciyarsu take: ƙungiya ce da ta ɗauki sunan na'urar ƙara sauti, ba sunan mutum ko gari ba. A Japan ma ƙungiyar Boris, wadda ta samo sunanta daga wata waƙar Melvins, ta fitar da Absolutego a 1996, waƙa guda mai cin kusan awa ɗaya. A 2006 ƙungiyoyin biyu suka haɗu suka yi faifan Altar.

Tarihin ke nan a taƙaice. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne me mutum yake ji, kuma me ya sa wanda ke da hankalinsa zai biya kuɗi ya tsaya a gaban wannan ruri.

Sauti girgizar iska ne, kuma ana auna zurfinsa da yawan kaɗawar da yake yi a daƙiƙa guda. Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000. Tsirkiya mafi kauri a jitar da aka ɗaure yadda aka saba tana kaɗawa sau 82. Masu kiɗan ƙugi sukan sassauta ta har ta sauko wajen 55, in kuma jitar bes, wato mai kaurin murya, ta bi ta a rabin haka, an sauko 27 da ɗoriya, wato gab da bakin iyakar da kunne ke daina ji, fata da ƙashi su karɓi aikin. A nan ne maganar ƙara ta shigo. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ba ya yi wa sautuka adalci. Ya fi kaifi a tsakanin kaɗawa 2,000 zuwa 5,000, inda kukan jariri da kaifin baƙaƙen magana suke. Amo mai zurfi kuwa sai an ninka masa ƙarfi sosai kafin kunne ya ɗauke shi daidai da na sama. Saboda haka in ka rage ƙarar wannan kiɗa, ba ƙanƙanta shi ka yi ba, gindinsa ka sare. Sifikar waya, wadda faɗinta bai kai ƙwandala ba, ba ta da ƙarfin tura iska a irin wannan zurfi ko kaɗan. Abin da ƙanwata ta ji ɓawon ne kawai, ƙaiƙayin da ke sama. Gaskiyarta da ta ce injin markaɗe.

Sai kuma yadda ake hana amon mutuwa. In ka kaɗa tsirkiya, cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta yi shiru. Mai algaita ya warware irin wannan matsala da kumatunsa: yana tara iska a baki, yana shaƙar wata ta hanci, busa ba ta yankewa. Mai jitar lantarki da wata dabara yake yi, wadda kowa ya sani amma a matsayin masifa. Ka tuna ƙiiii ɗin nan da ke tashi a wurin taro in mai magana ya matso da makirufo kusa da lasifika, kowa ya toshe kunne ana harara mai kula da na'ura. Sautin da ya fita daga lasifika ne ya koma cikin makirufo, ya sake fita da ƙarin ƙarfi, ya sake komawa. A kiɗan ƙugi wannan zagayen ake kiwo. Ƙarar da ke fitowa daga sifikoki tana girgiza jikin jitar da tsirkiyarta, tsirkiyar ta ci gaba da kaɗawa ba tare da an taɓa ta ba, amon ya yi ta ciyar da kansa. Makaɗin yana juya jikinsa kaɗan, ya matsa gaba ko baya, amon ya sauya launi. Rabin gwanintar a tsayuwa take, ba a yatsa ba. Shi ya sa suke son tsofaffin amfilifaya masu kwalabe a ciki, irin Sunn Model T na shekarun 1970, a jera su birjik a kan akwatunan sifika har su zama bango.

Amfilifaya in an tura ta fiye da ƙarfinta, sautin yakan dagule, kamar rediyon da aka ƙure. Wannan dagulewar ba ɓarna ce zalla ba. Tana haifar da ƙananan amo masu yawa a saman babban, ninki biyu, ninki uku, ninki biyar, har abin da kake zaton amo ɗaya ne ya zama taron jama'a. Sannan ga wani abu da na fi so a cikin lamarin duka. In jita biyu suka riƙe amo kusan ɗaya, a ce ɗaya tana kaɗawa 55 ɗaya 56, igiyoyin sautin sukan haɗu su ƙarfafa juna, su rabu su raunana juna, sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Kunne sai ya ji wuu, wuu, wuu, kamar numfashin wata ƙatuwar dabba. Wanda ya taɓa kwana tsakanin janaretocin maƙwabta biyu ya san wannan lilo. In tazarar ta ƙaru, lilon ya yi sauri. In ta ragu, ya yi nauyi ya ja jiki. Ga bugun kiɗan nan. Ba a cire shi ba ashe, an mayar da shi cikin sautin ne, ba mai ganga sai iska.

Duk wannan a takarda na san shi kafin in ji shi a jikina. Lokacin da nake karatu a wani gari a arewacin Ingila, wani abokin karatuna Bature ya ja ni wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a cikin hunturu, inda wasu samari uku da ba su yi suna ba za su yi wasa. Ɗakin bai fi shago uku a haɗe ba. A bakin ƙofa an ajiye kwano cike da 'yan soso na toshe kunne, kyauta. Na yi dariya, abokina bai yi ba, ya ɗebo biyu ya danƙa mini. Jita biyu, bes ɗaya, ba ganga. Aka saki hayaƙi daga na'ura har fitilu suka koma kamar wata a cikin hazo. Na ga ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu sama a hankali, sauran biyun suna kallonsa, ya sauke.

Ba kunnena ne ya fara ji ba. Ƙafar wandona ce ta fara kaɗawa kamar ana yi mata fifita. Zif ɗin rigar sanyina ya kama zizara a ƙirjina. Ruwan da ke kofin roba a hannuna ya yi zobe-zobe. Na ji haƙorana na sama da na ƙasa suna gaisawa, na ji numfashina yana fita a yayyanke ba da izinina ba. Minti biyar na farko jira nake yi a fara, kamar ƙanwata. Minti biyar na biyu haushi ne: ina lissafin kuɗin motar da na kashe, da aikin makarantar da na bari, ina cewa a raina Bature dai bai rasa abin ɓata lokaci ba. Na duba mutane, ba mai rawa. Wasu sun rufe ido, wasu sun zauna a ƙasa sun jingina da bango, wata mata ta ɗora tafin hannunta a kan ginshiƙi kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Ban san lokacin da na daina jira ba. Abin da na sani shi ne, can sai na fara jin abubuwa a cikin rurin. Wani siririn fito a sama yana zuwa yana tafiya. Wani abu kamar guɗar mata daga unguwa mai nisa. Wani kamar muryoyin maza da yawa suna riƙe da wasali ɗaya. Na leƙa dandamali, ba wanda ya buɗe baki. Na karkatar da kaina gefe, fiton ya ɓace, wani ya fito. Na yi taku biyu zuwa hagu, nauyin da ke ƙirjina ya sauka cinyoyina. Daga baya na gane dalili. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka igiyar amo mai kaɗawa 55 tsawonta ya haura mita 6, kusan faɗin ɗakin. Tana dukan bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa, sai a sami wuraren da ƙarfin ya taru da wuraren da ya kusan mutuwa. Kowa a ɗakin nan kiɗansa daban yake ji, gwargwadon inda ya tsaya. Ɗakin kansa yana cikin kayan kiɗan.

Da suka kashe na'urorin, shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Kamar an kashe injin da ya kwana yana aiki, ka ji kafaɗunka sun sauka alhali ba ka san a ɗage suke ba. Ba wanda ya yi tafi nan take. Na ƙiyasta an yi minti ashirin da biyar. Agogo ya ce awa ɗaya da minti goma.

Wannan ɓatan lissafin lokaci shi ne abin da masu sauraro suka fi ambata, kuma yana da bayani. Ƙwaƙwalwa tana iya ɗinke bugu da bugu su zama kari ne kawai in tazararsu ba ta wuce kamar daƙiƙa biyu ba. In ta wuce haka, kowane bugu tsayawa yake shi kaɗai, ƙafa ba ta iya hasashen na gaba. A kiɗan ƙugi amo ɗaya yakan yi daƙiƙa goma, ashirin, ko fiye. Sau da yawa akwai kari a ciki, irin na Black Sabbath ɗin nan, amma an ja shi kamar danƙo har in amo na huɗu ya zo ka manta na farko. Abin da hankali ke auna lokaci da shi, wato maimaici da sauyi, an janye masa. Da farko yakan yi bore, shi ne haushin nan da na ji. In bai sami abin kamawa ba sai ya saduda, ya daina tambayar me zai zo, ya koma duba abin da ke nan. Kamar wanda ya shiga ɗaki mai duhu daga rana: da farko ba ya ganin komai, in ya yi haƙuri sai kayan ɗaki su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba a ƙara haske ba, idon ne ya buɗe. Wanda ya fita a minti na goma, kuma da yawa sukan fita, bai yi ƙarya ba in ya ce ba komai a ciki.

Jiki kuma yana da nasa hanyoyin ji. A cikin fata da gaɓoɓi akwai ƙananan jijiyoyi da aikinsu kama girgiza ne. Ƙirji akwati ne mai iska, yana amsa amo mai zurfi kamar yadda cikin ganga ke yi. Har sashen cikin kunne da ke kula da daidaiton tsayuwa, wanda ba aikinsa ji ba ne, yakan motsa in ƙara mai zurfi ta yi yawa, shi ya sa wasu ke jin kamar ƙasa na lilo da su, wasu jiri ya ɗebe su, wasu kuma, abin mamaki, barci ya kwashe su a tsakiyar rurin. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kakaki ranar hawan salla ya ɗanɗani gefen abin: akwai busar da ba a kunne take tsayawa ba, sai ka ji ta a ciki.

Daga nan ne maganar ke shiga wurin da nake taka-tsantsan. Masu son wannan kiɗa suna yawan bayyana shi da kalmomin addini. Wani mai bincike ɗan Birtaniya, Owen Coggins, ya fitar da littafi a 2018 a kan wannan batu, bayan ya halarci wasanni da yawa ya kuma tattauna da masu sauraro, ya ga yadda suke ta aron kalmomin ziyara, tsafi, tafiya wata duniya da fita daga jiki, ciki har da waɗanda ba su bin kowane addini. Su ma makaɗan suna ƙara wa wutar itace. 'Yan Sunn O))) sukan fito cikin dogayen riguna masu hula kamar alkyabba, fuska a rufe, hayaƙi ya turnuƙe, suna ɗaga jita sama da hannu biyu kamar masu miƙa hadaya. A 2007 sun yi wasa a babbar majami'ar birnin Bergen ta ƙasar Nowe, aka fitar da shi a faifai. Mawaƙin da suka fi aiki da shi, Attila Csihar ɗan ƙasar Hangari, yakan yi wani irin gurnani daga maƙogwaro da ya fi kama da karatun 'yan zuhudu fiye da waƙa.

Ni dai a ganina, abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi. Mutum ne da ya saba da wayar da ke kiransa kowane minti, aka sa shi a ɗaki mai duhu, aka hana shi magana domin ko ya yi ba mai ji, aka girgiza masa jiki awa guda. Dole ya fito yana jin wani abu ya same shi, kuma kalmomin da harshe ya tanada don irin wannan hali na addini ne, sai ya ara. Natsuwar gaskiya ce, na ji ta. Amma natsuwar jijiya daban, ibada daban, kuma alkyabbar da hayaƙin kayan wasan kwaikwayo ne, su kansu masu sa su ba su rasa raha a ciki. Haka kuma ba duk abin da aka yi da sunan wannan kiɗa ne ke da daraja ba. Tunda ba a buƙatar saurin yatsa, kowane malalaci yana iya jingina jita da sifika ya tafi shan shayi ya ce ya yi fasaha, kuma akwai faifai da yawa da ba su wuce haka ba. Bambancin gwani da ɗan koyo yana wurin da ba a zato: sanin lokacin da amo ya gama faɗin abin da ke bakinsa, da zaɓen wanda zai gaje shi. A faifan Sunn O))) na 2009, Monoliths & Dimensions, waƙar ƙarshe, wadda suka sadaukar ga makaɗiyar jaz Alice Coltrane, tana farawa da nauyin jita, a hankali nauyin ya yi ta narkewa har a wayi gari kusan ba abin da ya rage sai kayan busa da muryar ƙahon Julian Priester, tsohon makaɗin jaz. Ba ka iya nuna daƙiƙar da aka yi sauyin. Wannan aikin mai kunne ne. A 2018 kuma suka je Shikago wurin Steve Albini, wanda ya yi suna wajen ɗaukar sauti a kan tef yadda yake a ɗaki, suka yi faifan Life Metal, wanda ya fito a 2019, tare da Hildur Guðnadóttir 'yar ƙasar Aisland, wadda ta ci kyautar Oscar a 2020 saboda kiɗan fim.

Akwai kuɗin da ake biya, ba na ƙofa ba. A daren nan, wajen tsakiyar wasan, na ce bari in ɗanɗani abin tsirararsa, na zare soson kunnen hagu. Ban fi minti uku ba na mayar. Kwana uku kunnen yana yi mini ƙiii, in na kwanta kamar an saka mini sauro a ciki, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina, tunda a hannu aka ba ni abin kariya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 94 awa 1, 100 minti 15. In an kai 112, ko minti ɗaya bai cika ba. Wasannin irin wannan kiɗa suna wuce 100 nesa ba kusa ba. A can cikin kunne, a wani sashe mai siffar katantanwa, akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi, dubu goma sha wani abu a kowane kunne, su ne ke mayar da girgiza ta zama ji, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Sa'ar da aka yi ita ce soson ya fi tare amo mai kaifi fiye da mai zurfi, ƙirji da ƙafa kuwa ba ruwansu da abin da ke kunne. Wanda ya toshe kunnensa bai yi asarar abin da ya kawo shi ba.

Tun daga lokacin na fi sauraron abin a gida, da babban abin ji mai rufe kunne duka, ƙara a tsaka-tsaki, fitila a kashe, waya a kife. Na san rabin abin nake samu, domin ba ƙafar wandon da za ta kaɗa. A haka ne na koma kan Earth, na tarar Dylan Carlson ya riga ni sauka daga wannan tsani. Bayan shekarun da ya yi ba a jin ɗuriyarsa, yana fama da matsalar ƙwaya, ya dawo a 2005 da faifan Hex, kuma ya zubar da dagulewar sautin kusan gaba ɗaya. Jitar ta koma garau, kamar ta makiyayan yammacin Amurka, ga ganga a hannun Adrienne Davies tana bugu ɗaya ta jira, ta jira, kafin ta sake. Ƙarar ta tafi, jan jikin yana nan. Amo ɗaya zai fito, ka bi shi yana siracewa har ya kusan ɓacewa, kana jin ɗan kukan tsirkiyar a ƙarshensa, sannan na biyu ya sauko. Shi nake sawa yanzu in dare ya yi nisa, a ƙarar da ba za ta tashi mai barci a ɗaki na kusa ba.